Dutsen Bakin Ƙofa

Sallama gare ku, 'yan uwa masu bibiyata. Na ga saƙonninku, har da na baiwar Allahn da ta tambaya wai da gaske ne ina hawa rufin gini da hijabi. Da gaske ne, 'yar uwa. Ina cusa gefensa cikin rigar aiki, in ɗora hular kwano a sama, in taka tsani. Har yau iska ba ta ɗauke ni ba.

Ga wanda yau ya fara leƙo mu: ni injiniya ce a sashen ayyuka na jami'ar da na yi karatu. Aikina shi ne in rage wutar da gine-ginenmu ke sha, don a rage kunna babban janareta, hayaƙinsa ya ragu. A takarda sunan muƙamina dogo ne. A bakin ɗalibai kuwa, Kashe-Wuta. A gida, Auta.

Ba haka kawai na faɗa wannan aiki ba. Lokacin da nake ɗaliba, ajinmu yana manne da ɗakin janareta. Farin hijabi in na shiga da shi da safe, kafin la'asar ya koma ruwan toka. Tari kuwa har cikin jarrabawa. Tun a lokacin na ce da injin nan a zuciyata, ni da kai za mu haɗu.

To mun haɗu. Daraktan ayyuka ya ba ni Ginin Kimiyya in gwada a kansa, ya kuma faɗa mini gaskiya ba ƙumbiya-ƙumbiya.

"Injiniya, majalisar jami'a ba ta jin dogon bayani. Mita take kallo. In wutar ginin nan ba ta sauko yadda kika yi alkawari ba zuwa ƙarshen zango, za su rufe ofishinki."

Na ce, "Za ta sauko, ranka ya daɗe."

A gida kuma ga wata majalisar, shugabarta Goggo, ƙanwar Abbanmu. Tana da ɗan aminiyarta da take so in saurara, babban shago gare shi na sayar da janareta. Ku duba mini wannan haɗi don Allah. Ni ina yaƙi da hayaƙi, shi da hayaƙin yake ci. Ba zan yi masa sharri ba, mutum ne mai fara'a, ga tsafta, turarensa yana riga shi shigowa falo. Shi ya kawo mana injin da ke bayan kicin, shi ya sa aka kafa mana esi, na'urar sanyaya ɗaki, a falo. Kullum da safe saƙonsa na jirana a waya:

"Gimbiya, ki kashe ta jami'a, ni zan kunna miki ta gida."

Nakan mayar masa da "Allah ya ba da kasuwa," in kife wayar.

Wata ranar hutu ina zaune a ƙasa ina goge takalman aikina, Goggo ta shigo tana gyara mayafi, ta tsaya a kaina.

"Dubi takalmi kamar na mai fasa dutse. Ke 'yar nan, mace ana so ta iya hura wuta a gida, ke kin yi suna da kashe ta. Wa zai kwasa?"

"Mai tsoron gobara, Goggo."

"Kin ji ta ko, Yaya? Boko ya cinye mata kunya."

Umma ba mai hayaniya ba ce. Ninke kayan wanki take, ba ta ko ɗago ba ta ce, "Auta, ba mai yi miki dole a gidan nan. Amma kullum cewa kike aiki ya hana ki sauraron kowa. In aikin ya ƙare fa?"

Nan girman kai ya ja ni. Na ce, "In aka rufe ofishina, ranar zan zauna in saurare shi da kunne biyu. Har shayi zan haɗa masa da hannuna."

Goggo ta tafa. "Kowa ya ji! Bango ma ya ji!"

Baki shi ke yanka wuya, 'yan uwa. Na san haka, na kuma faɗa.

Na shiga aiki ba ji ba gani. Muka sauya ƙwayayen fitila zuwa marasa shan wuta. Muka shafe rufin da farin fenti don ya riƙa mayar da zafin rana, har tafin hannuna ya saɓule. Muka wanke matatun esi da suka toshe da datti, muka liƙe tagogin da ke zubar da sanyi, muka sa wa injinan agogon da ke kashe su in an tashi. A wayata akwai wani layi da ke nuna abin da mita ke karantawa. Layin ya fara gangarowa, ina kallonsa kamar mai kallon ɗanta yana tatata. Sai ya tsaya cak. Ya ƙi gaba.

Wata rana da tsakar rana na hau bene na sama, inda ofisoshin malamai suke. Ina shiga baranda sanyi ya bugi ƙafafuna. Kowace ƙofa a wangale, kowane esi yana gurnani. Ashe baranda muke sanyayawa, da matakala, da tsuntsayen waje.

Na ce wannan ai mai sauƙi ne. Na sa aka ɗaura wa kowace ƙofa sifirin, irin wanda in ka saki ƙofa yake mayar da ita da kansa, garam. Na koma gida ina jin kaina a sama.

Washegari na tarar da ƙofar ƙarshen baranda a buɗe, an tokare ta da wani dutse mai sulɓi, girman kwakwa. Kafin mako ya zagayo, cutar ta bazu. Wannan ya tokare da kwandon shara, wancan da kujera, wani farfesa da tsohon ƙamus. Na tambayi ɗalibai wa ya fara. Suka ce ai Malam Mai Dutse ne, mai koyar da lissafi, shi tun zuwansa ba a taɓa ganin ƙofarsa a rufe ba.

Na jira ya tafi aji, na ɗauki dutsen na cilla cikin furanni. Da safe ga shi ya dawo, har an wanke shi. Na sake ɗauka, wannan karon na jefa cikin jakata na tafi da shi ofis. Ko awa ba a yi ba wata baƙuwar lamba ta shigo:

"Salamu alaikum, Injiniya. An ce dutsena yana tsare a hannunki. Don Allah a ba da belinsa, bai taɓa laifi ba."

Ban yi dariya ba. To, na ɗan yi. Amma na haɗe fuska na hau benen da niyyar in wanke shi tas.

Na iske shi ya tokare ƙofar da kujerar baƙi. Dogo ne siriri, da tabarau, yana duba takardun ɗalibai da jan biro. Abin da ya tsayar da ni a bakin ƙofa shi ne rigarsa. Shuɗiya ce, amma bayanta da hammatarta sun yi sharkaf da gumi. Yana fifita da bangon wani tsohon littafi. Na ɗaga kai na dubi esinsa. A kashe. An ma zare wayarsa daga soket, an naɗe ta tsaf an rataye.

Duk maganar da na haddace ta gudu.

"Malam, esinka ya lalace ne?"

"Lafiyarsa ƙalau. Ranar da kika tara mu kika ce ƙofa a buɗe da esi a kunne kamar ɗibar ruwa ne da kwando, na ga gaskiyarki. Sai na kashe."

"To ka rufe ƙofar mana ka sha sanyinka! Wa ya ce ka gasa kanka?"

Bai kai ga amsawa ba wata ɗaliba ta iso, 'yar ƙarama, ta rungume littafi a ƙirji. Ta tsaya. Ba malamin ta fara kallo ba, ba ni ba. Ƙasa ta kalla, daidai inda dutsen ya saba zama. Sannan ta kalli sifirin da na ɗaura a saman ƙofar. Ƙafarta ɗaya ta shiga, ɗayar ta ƙi.

Ya ce, "Shigo, a buɗe za ta zauna. Ga Injiniya ma tana nan."

'Yan uwa mata da kuka yi makaranta, ba sai na fassara muku wannan tsayuwar ba. Ni ma na yi ta. Na san yadda ake bin ƙawa ana roƙo, "Don Allah raka ni ofishin malam." Na san yadda ƙarar ƙofa a bayanki take sa tambayar da kika zo da ita ta ɓace miki, ko da malamin mutumin kirki ne, don ba ki da hanyar sani sai bayan kin fito. Akwai darasin da na haƙura da makin da aka rage mini, don ranar ban samu mai raka ni ba. Na daure, na gama, na fito da sakamakon da ya fi na mazan ajinmu, na kuma binne abin har na manta. Sai ga shi ni da hannuna na ɗaura wa kowace ƙofa ƙarfen da ke rufe ta a bayan yarinya, garam, ba tare da kowa ya taɓa ba.

Na tsaya ina kallo ya yi mata bayani a nutse, ya ja layi, ya goge, ya sake ja, har ta ce "Au!" ta yi murmushi. Da ta fita ya cire tabarau ya share gumi.

"Yarinya in ta shigo ƙofa na rufe, rabin hankalinta na kan tambaya, rabi na kan ƙofa. Ni kuma lissafi nake koyarwa, Injiniya. Rabi ba ya isarta."

"Sauran malaman fa?"

"Wasu don ɗaliban suke yi, wasu don tsoron bakin mutane. Duka biyun hujja ce. Amma dattawa ne, ba zan ce su zauna cikin zafi irina ba."

Na buɗe jaka na ciro dutsen, na durƙusa na mayar da shi wurinsa da kaina. Ya ce, "An gode da beli." Ban iya ɗagowa na dube shi ba.

Da Darakta ya ga layin ya ƙi motsi, ya kira ni.

"Abu mai sauƙi. In fitar da umarni yau, a kwashe duk abin da aka tokare ƙofa da shi. Wanda ya ƙi, a yanke wutar ofishinsa. Kafin majalisa ta zauna mitarki ta sauko."

Ga nasara an miƙo mini a faranti. Na tuna Goggo da tafinta. Na tuna ƙafar yarinyar nan da ta ƙi shiga.

"A'a, ranka ya daɗe. Kar a taɓa su."

Ya dube ni ta saman tabarau. "Kin san abin da kike cewa?"

"Na sani."

Ban san komai ba, wallahi. Na ja manyan takalmana na fito.

Labari ba ya ɓuya a gidanmu, don fuskata allo ce. Goggo ta zo ta sauko da kofunan baƙi daga saman kabad, masu bakin zinariya, ta wanke su ɗaya bayan ɗaya tana waƙa ƙasa-ƙasa. Mai Janareta ya turo: "Gimbiya, na ji an ce shayinki ba a magana. Sukari kaɗan nake sha."

Na shige kicin don in guje musu. Umma ta ɗora shinkafa, ni kuma don hannuna ya samu abin yi na kai shi kan murfin tukunya. Ta buge mini hannu da ludayi.

"Ke, kar ki buɗe mini, tururin zai gudu. Ba ga gilashi nan ba? Leƙa mana."

Na leƙa. Ga shinkafa ina gani tana tafasa, murfi a rufe, zafi bai fita ba. Na daɗe a tsaye har Umma ta ce ko aljanu ne suka taɓa ni. Na rungume ta ta baya, tana ture ni tana cewa zan ƙona ta.

A sito ɗin sashenmu akwai tsofaffin allunan sanarwa masu murfin gilashi, jibge, tun da aka koma duba sakamako a waya ba mai waiwayarsu. Gilashi mai kauri, ƙura kawai ya sha. Na rubuta wa Malam:

"Malam, zan iya yanka ƙofarka?"

Amsa ta zo nan take. "Kin fara da dutse, yanzu ƙofa. Gobe kuma sai mai ofishin?"

Na ga alamar yana rubutu, ya tsaya, ya sake farawa, ya tsaya. Zuciyata kuwa kamar janaretan jami'a. Can sai ga kalma biyu: "Ki yanka."

Da safe na zo da kafinta. Ya ciro ƙofar ya jingine, ya zaro tef ɗin awo, ya tambayi inda za a huda. Malam ya ce, "A yi shi dogo, ya sauko ƙasa sosai. A auna da wanda ya fi kowa gajarta a ginin nan, don duk mai wucewa ya ga ciki."

Kafinta ya waiga hagu, ya waiga dama, ya tsayar da ido a kaina.

"Ranki ya daɗe, ɗan matso nan."

Malam ya juya baya wai yana neman biro, kafaɗunsa na girgiza. Na tsaya ƙiƙam aka auna da ni, hular kwano da komai. Na rama dai, na ce a bar saman gilashin ya kai tsayin raƙumi don mai ofishin ma a gan shi.

Da aka mayar da ƙofar, na sassauta sifirin da hannuna har ya zama tana komawa a hankali, ba ƙara, kamar an rufe wa jariri ɗaki. Na mayar da wayar esinsa cikin soket, na saita shi daidai, ba sanyin ɗakin ajiye gawa da wasu ke so ba. Sannan na koma can ƙarshen baranda na yi kamar ina duba mita.

Yarinyar nan ta zo. Ta ga ƙofa a rufe, ta ja birki. Ta ga gilashi, ta ga malam a zaune, ta waiga ta ga ɗalibai na wucewa suna ganin abin da take gani. Ta ƙwanƙwasa, ta shiga. Ƙofar ta koma a bayanta. Ina kallo ta gilashin. Ba ta waiwaya ba.

Na shiga banɗakin mata na yi kukana, na wanke fuska, na fito na ci gaba da zama Kashe-Wuta.

Sauran ƙofofin ba sai da umarni ba. Malam ya riƙa jan dattawan ɗaya-ɗaya yana nuna musu tasa. Farfesa mai ƙamus ne kawai ya yi gardama.

"'Yata, yanzu in na ɗan gyangyaɗa bayan azahar, duniya ta gan ni ke nan?"

Malam ya ce, "Farfesa, ai in irinku suka rufe ido, tunani ake cewa."

Farfesa ya yi dariya har da tari, ya ce a yanka.

Layin mitar da ke wayata ya saki. Ya gangaro, ya wuce inda na yi alkawari. Har ta kai da rana ƙaramin janareta ke ɗaukar ginin, babban yana kwance shiru, ajin da na yi karatu a cikinsa an buɗe tagoginsa.

Ranar da majalisa ta zauna, ba a kira ni ciki ba. Na wuni ina safa da marwa a ofis. Da aka tashi ban ji komai ba, sai wani ƙunshi da na tarar a kan teburina, an naɗe da takardar kyauta, nauyi kamar me. Na jefa a jaka na tafi gida jiki a sanyaye.

Goggo ba ta jira sakamako ba. Na iske Mai Janareta a falo cikin farar riga mai aiki a wuya, injinsa na ruri a bayan kicin, esi na busawa, kofuna masu bakin zinariya a jere a kan tire. Na gaishe su na wuce ɗaki. Ina cire hijabi waya ta yi ƙara. Darakta:

"Sun amince. Sun ce a ba ki ɗakin karatu da ɗakunan kwanan ɗalibai. Ki nemo ƙarin kafintoci."

Na zauna a bakin gado na karanta har haruffan suka narke. Sannan na tuna ƙunshin. Na warware.

Dutsen ne. An wanke shi, har da ɗan mai aka shafa masa yana ƙyalli. Saƙo ya biyo baya kamar ana kallona:

"Injiniya, barka. Kin raba wannan bawan Allah da aikinsa, ga shi ba shi da fansho. Ina nema masa aiki a ƙofar gidanku. Darakta ya ba ni kwatance, bayan ya yi mini tambayoyi kamar shi ya haife ki. Ina bakin titinku. In ƙofa a rufe take, zan juya, ba komai."

Na buɗe kabad. Na wuce rigunan aiki, na ciro doguwar rigata mai ruwan zuma da ban taɓa sawa ba tun da aka ɗinka, na yafa mayafinta, na ɗan zizara kwalli. Na shiga kicin na haɗa shayi da hannuna. Ba a rufe ofishina ba, ba wanda ke bina alkawari, amma baƙo baƙo ne. Na ɗauko ƙarin kofi ɗaya daga kabad.

Da Goggo ta gan ni da tire da kwalliya, saura kaɗan ta yi guɗa. Mai Janareta ya gyara zama. Na zuba masa, sukari kaɗan, na ce, "Ofishina yana nan, an ma ƙara mini gine-gine. Wannan na baƙunta ne." Ya karɓa, ya yi murmushin da ya fi kuka ciwo, amma ya ce, "Barka, Gimbiya." Na ce muku ba mugu ba ne.

Goggo ta ƙirga kofuna da ido. "Wannan na waye kuma?"

Na ajiye tiren. Na ɗauki rimot na kashe esin. Na je na buɗe ƙofar falo har bango, na durƙusa, na ajiye dutsen a gindinta.

"Ikon Allah! Ke da kike mana wa'azi kullum a rufe ƙofa sanyi na fita? Yaya, kin ga 'yarki ta fara tsince-tsincen duwatsu!"

Umma ta dubi dutsen, ta dubi kwallin idona, ta dubi kofin da ba mai shi. Sai ta jawo mayafinta ta gyara shi a kanta.

Daga bakin get muka ji sallama, a nutse, irin muryar mai bayanin lissafi. Kofin Goggo ya tsaya tsakanin tire da bakinta. Mai Janareta ya juya yana kallon ƙofa.

Kafin in buɗe baki, Umma ta riga ni.

"Wa alaikumus salam. Shigo, ɗana, a buɗe take."